Waiwaye: Yadda Aka Koyi Sulhunta Waya da Eriya

Kowace wayar ƙarfe da ke ɗaukar sigina tana da wata irin turjiya ta kanta wadda injiniyoyi ke kira impidans, kuma da om ake auna ta. Oliver Heaviside, Baturen Ingila da ya bar aikin tangaraho ya koya wa kansa lissafi a gida, shi ne ya raɗa wannan suna a 1886. Daga lissafin layukan waya da ya kafa aka fahimci cewa idan sigina ta iso mahaɗar wayoyi biyu, ko ta waya da eriya, da impidans ɗinsu bai zo ɗaya ba, wani kaso nata yakan juyo baya kamar amsa-kuwwa. Tsakanin waya mai om 50 da mai om 75, kashi 4 cikin ɗari ne kawai na ƙarfin ke dawowa, amma tsakanin 50 da 300 abin da ke dawowa ya ɗan haura rabi, kuma hakan na iya lalata babbar na'urar watsa shirye-shirye.

Tsohuwar dabara ita ce a sa guntun waya a tsakani, mai tsawon rubu'in igiyar siginar (sigina na tafiya ne kamar igiyar ruwa, kowace igiya da tsawonta), wanda impidans ɗinsa ke tsaka-tsaki. Don haɗa 50 da 75, misali, ana bukatar kimanin om 61. Aibinta ɗaya ne, wato a kan zango guda take aiki sosai, da an gusa daga nan sai amsa-kuwwar ta dawo.

Masu ƙera kayan busa sun riga injiniyoyi gano mafita. Bakin kakaki yana buɗewa sannu a hankali, shi ya sa sautin ke fita sarari maimakon ya maƙale cikin bututun. Da wannan tunani Charles Burrows na cibiyar bincike ta Bell Labs da ke Amurka ya yi nazari a 1938 kan layin da impidans ɗinsa ke sauyawa kaɗan-kaɗan daga wannan baki zuwa wancan, ta yadda ƙananan juyowar da ke faruwa a hanya za su riƙa kashe juna. Irin wannan layi yana ɗaukar zanguna masu yawa, sai dai da tsawo ake biyan wannan riba, domin yakan bukaci kusan rabin tsawon igiya mafi tsawo da ake so ta wuce.

Tambayar da ta rage ita ce wane fasali ne zai ba da layi mafi gajarta. R. W. Klopfenstein na kamfanin RCA ya amsa ta a 1956, inda ya jingina da lissafin Chebyshev, masanin Rasha na ƙarni na 19. Ya nuna cewa idan aka ƙayyade iyakar juyowar da za a lamunta, akwai fasali guda da babu wanda ya fi shi gajarta. Abin da ya fi jan hankali a ganina shi ne wannan fasali bai miƙe sumul ba: impidans ɗinsa yana yin ɗan tsalle a kowane baki, wato ainihin abin da aka fito gudu tun farko, amma an auna shi daidai yadda zai taimaka wajen soke sauran juyowar. A 1973 wasu masu bincike biyu, Kajfez da Prewitt, suka gyara wani kuskure da ke cikin lissafinsa, kuma da gyararren ne ake zana siraran layukan tagulla a allunan rada (na'urar hango jirage daga nesa) da na'urorin tauraron ɗan Adam, inda kowace milimita ke da tsada.