Ziyarar kufan Madinatuz Zahra: tambayoyi da amsoshi

Ina take, kuma wa ya gina ta?

Tana kudancin Sifaniya, a gindin duwatsu, kimanin kilomita 8 yamma da birnin Kurɗuba. Abdurrahman na Uku, mai mulkin Andalus (yankin Sifaniya da Musulmi suka mulka), ne ya gina ta bayan ya ɗauki sarautar halifa a 929, aka soma aikin wajen 936. Hawa uku aka yi mata a jikin gangare: fada can sama, lambuna a tsakiya, gidajen jama'a a ƙasa.

Me ya rushe ta?

Nan abin takaicin yake. Da yawa suna ɗauka Kiristoci ne suka rusa ta, alhali fitinar cikin gida ce. Rikicin gadon mulki ya ɓarke tsakanin Musulmin Andalus, sojojin ɓangarorin suka washe garin, suka cinna masa wuta tsakanin 1010 da 1013. Ko shekara 80 bai cika ba. Daga nan mutane suka yi ta ɗibar duwatsunsa da marmara suna gine-ginensu, har ƙasa ta rufe sauran. Sai a 1911 aka fara tono, kuma har yau abin da aka fito da shi bai wuce kashi ɗaya bisa goma ba.

To me ya rage da zan gani?

Ya isa ya tsayar da kai. Akwai ƙofofi masu baka irin ta kofaton doki, ja da fari, da gidan waziri Ja'afar, da harsashin masallacin Juma'a. Ka matsa kusa da bango ka dubi sassaƙar ganye da rassa a jikin dutse. Guntu-guntu aka tsince ta a ƙasa, aka haɗa da haƙuri. A 2018 UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya.

Yaya ake zuwa?

Daga Kurɗuba akwai bas. Za a sauke ka a gidan tarihi da ke ƙasa, wata motar ta hau da kai kufan. Kada ka tsallake gidan tarihin, don a nan za ka gane fasalin garin kafin ka taka shi. Ba sa buɗewa ranar Litinin.

Wane lokaci ya fi?

Afrilu, Mayu ko Oktoba. A Yuli da Agusta zafi kan haura digiri 40, ga ƙarancin inuwa. Ka yi sammako, ka riƙe ruwa, ka sa takalmin da zai jure hawa da gangara.