Jimlar Matsaya a Rubutun Ilimi

Jimlar matsaya ita ce jimla ɗaya ko biyu da marubucin maƙalar ilimi ke faɗin abin da ya tsaya a kai game da batun da yake nazari, wanda sauran rubutun zai kare da hujja. Ana iya ce mata da'awa. A jami'o'in Najeriya an fi jin ta da sunan Turanci, "tesis", kuma sunan yana rikita ɗalibai, domin da shi ake kiran kundin digiri na biyu da na uku. Kundi dai littafi ne guda mai babi-babi, ita kuwa jimlar matsaya layi biyu ne a cikinsa.

Asali

Kalmar tesis daga harshen Girka ta fito, ma'anarta ajiye abu ko kafa shi. Aristotle, masanin falsafar Girka wanda ya rayu daga shekara ta 384 zuwa ta 322 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ce a littafinsa na balaga jawabi sassa biyu gare shi da ba makawa: a faɗi magana, sannan a tabbatar da ita. Tsoffin jami'o'in Turai sun ɗora a kan haka, inda ɗalibi kan kafa da'awa ya tsaya gaban malamai ya kare ta da baki. Da'awoyi 95 da malamin addinin Kirista Martin Luther ya fitar a garin Wittenberg na Jamus a 1517 ma an rubuta su ne a matsayin abin muhawara. Zaman kare kundi da ɗalibai ke kira "difens" a yau gadon wannan al'ada ne.

Ga wanda ya yi karatun zaure, abin ba baƙo ba ne. Malaman munazara, wato ilimin muhawara, suna da ƙa'ida cewa mai naƙalto magana ya tabbatar da ingancinta, mai da'awa kuma ya kawo dalili. Hadisi na 33 a Arba'una ta Imam Nawawi ya ɗora hujja a kan mai da'awa, rantsuwa a kan wanda ya musa. Shi ya sa alƙali ba ya sauraron shaidu sai ya ji abin da mai ƙara yake nema. Mai karanta maƙala ma haka yake.

Abin da ya raba ta da makamantanta

Kama da wane ba wane ba ne, kuma a nan ɗalibai suka fi tuntuɓe. A ɗauki haƙar kuza a Jos. Wanda ya rubuta "haƙar kuza a Filato" batu ya ambata, bai ce komai a kansa ba. Wanda ya rubuta cewa kamfanonin Turawa sun haƙi kuza a tsaunukan Jos zamanin mulkin mallaka gaskiya ya faɗa, amma gaskiyar da ba mai ja da ita, don haka ba abin da za a kare. Na uku, wanda ya fi yawa a takardun ɗalibai, shi ne mai cewa "wannan maƙala za ta yi nazari a kan tasirin haƙar kuza". Wannan sallama ce kawai, mai gida bai ji abin da ya kawo baƙo ba tukuna.

Matsaya ita ce a ce, misali: "Kududdufan da haƙar kuza ta bari sun zama madogarar masu noman rani a kewayen Jos, saboda haka cike su baki ɗaya zai fi cutar da manoma fiye da yadda zai amfane su." Nan take wani zai iya miƙewa ya ce a'a, ai mutane da dabbobi suna faɗawa cikinsu, ruwan ma ba a san abin da ke cikinsa ba. Wannan "a'a" ɗin ita ce ma'auni. Duk jimlar da mai hankali ba zai iya musawa ba, ba ta kai matsaya ba. Jimlar ta kuma shata wa marubuci aikinsa: dole ya nuna cewa manoma na amfani da ruwan, ya auna cutarwar da amfanin, ya amsa wa mai ja.

Masu nazarin adabin Hausa suna da tasu rikitar, wato haɗa ta da jigo. Jigo saƙon mawaƙi ne ko marubucin labari. Matsaya kuwa ta mai nazari ce. Cewa jigon wata waƙa gargaɗi ne bai wadatar ba, sai an faɗi abin da aka gano game da gargaɗin, kamar a ce mawaƙin ya ɓoye shi cikin yabo don kada sarki ya fusata.

Faɗi da ƙunci

Ɗalibin da ya ce zai tabbatar da cewa rashin tsari ne ya jawo matsalolin Abuja ya ɗauko Dala ba gammo. Birnin da aka mayar da fadar gwamnatin tarayya cikinsa ranar 12 ga Disamba, 1991, ba zai shiga shafi biyar ba. Idan ya matse, sai ya ce tsadar haya a tsakiyar birni ce ta tura ma'aikata Nyanya da Mararaba, don haka faɗaɗa titi kaɗai ba zai kawar da cunkoson safiya a wannan hanya ba. Yanzu ga wuri, ga dalili, ga sakamako. Matsewar ma takan wuce gona da iri, har jimlar ta zama ƙaramin bayani da sakin layi ɗaya zai ƙarar.

Inda ake ajiye ta

A gajeriyar maƙala, an saba sanya ta a ƙarshen gabatarwa. Tsarin maƙala mai sakin layi biyar (gabatarwa, uku na hujja, sai kammalawa) da ya yaɗu a makarantun Amurka shi ya ƙara kafa wannan al'ada, har wasu suka ɗauka doka ce. Ba doka ba ce, sauƙaƙa wa mai karatu ne, musamman malamin da ke da tulin takardu a gabansa.

Kundin kammala digiri a Najeriya ba shi da wani kan magana mai suna jimlar matsaya. Babi na ɗaya yakan ƙunshi dalilin bincike da manufa da tambayoyi da hasashe, matsayar kuma sai a tsince ta a tsakure, wato taƙaitaccen bayanin da ke farkon kundi, da babin ƙarshe. Hasashe zato ne da za a gwada, yana iya faɗuwa. Matsaya ita ce abin da ya rage a tsaye bayan gwajin.

A Jami'ar Jos da Jami'ar Abuja, ɗalibai kan haɗu da rubutun maƙala a darussan GST na shekarar farko, wato darussan gama-gari da kowane ɗalibi ke ɗauka. Mafi yawa dai ba su jin nauyin abin sai aji huɗu, lokacin da mai duba kundi ya dawo da babi na ɗaya da jan biro a gefen shafi: "To, sai me?" Ɗalibi ya ce, "Ranka ya daɗe, ai na kawo abin da masana suka faɗa." Malam ya ce, "Na gani. Kai me ka ce?"

Ba rashin basira ke kawo wannan ba. Bahaushe ba ya buɗe baki da buƙata. Sai an gaisa, an tambayi gajiya da iyali, can a ƙarshe a ce "dama na zo ne". Ɗalibi yakan kwaso wannan ladabi ya zuba a takarda, ya yi ta kewaye, ya ajiye maganarsa a layin ƙarshe ko ya haɗiye ta, don yana jin wane shi ya ja da farfesa. Ladabin yana da wurinsa a kalmomi irin su "hujjojin da ake da su suna nuna", waɗanda ke rage kaifin da'awa ba tare da sun share ta ba.

Gano ta a rubutun wani

Mai neman matsayar wani marubuci yakan fara da take, sai ƙarshen gabatarwa, sai farkon kammalawa, ya ga wace magana ce ta maimaitu. Akwai tarko a nan. Marubuta da yawa suna buɗewa da ra'ayin da za su rushe: "an daɗe ana cewa", "masana da dama suna ganin". Mai gaggawa sai ya ja layi a ƙarƙashin wannan, alhali maganar marubucin tana bayan "amma", ko "sai dai", ko "duk da haka".

Wasu ƙwararru ba su rubuta ta a fili ko kaɗan. A irin wannan, mai karatu kan duba jimlar farko ta kowane sakin layi, ya tambayi kansa wace magana ɗaya ce duk suke yi wa hidima, sannan ya rufe takardar ya faɗe ta da kalmominsa.

Gyara

Ba kasafai jimlar da aka fara da ita ke kai wa ƙarshe ba. Marubuci kan kafa ta wucin gadi don ya san inda ya dosa. Mai nazarin kududdufan Jos zai iya zagayawa ya tarar wasu ba a noma da su, wasu kuma suna dab da gidaje. Sai ya koma ya rage da'awarsa ta tsaya ga waɗanda ake ban ruwa da su kaɗai, ya gyara gabatarwa da tsakure su dace da ita kafin ya kai kundin wurin masu ɗinki.