Baƙo a garin da aka riga aka raba: tambayoyi kan Ireland ta Arewa

Wai ba an yi sulhu a can ba?

An yi. Yarjejeniyar Good Friday ta 10 ga Afrilu, 1998 ta kawo ƙarshen kusan shekara 30 na zubar da jini, wanda ya ci rayuka kimanin 3,500. Amma bindiga aka ajiye, ba a haɗe unguwanni ba. Har gobe akwai katangu a Belfast, kamar wadda ta raba Falls Road ta 'yan Katolika da Shankill Road ta 'yan Furotesta, kuma ana rufe ƙofofinta da dare. Yaran da ke makarantun da suka haɗa 'yan Katolika da 'yan Furotesta ba su kai ɗaya cikin goma ba. Wanda ya san yadda kogi ya raba Kaduna bayan rikicin 2000 ba zai sha wuyar gane hoton ba.

Rikicin na addini ne?

Addini tambari ne kawai. Asalin gardamar ita ce ƙasa: galibin 'yan Furotesta na son zama cikin Birtaniya, galibin 'yan Katolika na son haɗewa da Jamhuriyar Ireland. A ƙidayar 2021 masu tushen Katolika sun kai kashi 45.7 cikin ɗari, masu tushen Furotesta 43.5, karo na farko da aka yi wannan juyi tun kafa yankin a 1921.

To ina baƙi suka shigo?

Ba su da yawa. Ƙananan ƙabilu kashi 3.4 ne a waccan ƙidayar, Musulmi kuwa wajen 11,000. Yawancin baƙin sun zo ne bayan 2004, daga Poland da Lithuania, wasu daga Fotugal da Timor ta Gabas suna aiki a masana'antun nama na Dungannon, ga ma'aikatan jinya daga Filifin da Indiya.

Matsalar a gidan haya take farawa. Baƙo da ƙaramin albashi yana neman araha, arahar kuma sau da yawa tana cikin tsofaffin unguwannin talakawan Furotesta da mutane suka ragu. Shi a ganinsa ya kama ɗaki ne. A idon wasu 'yan unguwa, an ci musu iyaka. Yana iya wuce gefen titi da aka shafe da ja da fari da shuɗi, launukan tutar Birtaniya, da tutoci a kan turakun fitila, bai san cewa sanarwa ce ba. In ɗan Poland ne, laifinsa biyu: baƙo ne, kuma ɗan Katolika. Shi ya sa aka sha ƙona tutar Poland a manyan wutar da ake hurawa a unguwannin Furotesta daren 11 ga Yuli.

Yaya korar take faruwa?

Da wuya a fara da duka. Rubutu ne a bango cewa gidan na 'yan gari ne kaɗai, sai jifar taga, sai a ƙona mota, sai kwalbar fetur. Maƙwabta su yi gum, domin a wasu unguwannin ragowar ƙungiyoyin 'yan bindiga na ɓangaren Furotesta irin su UDA da UVF na da ƙarfi har yanzu, ba mai son a ce shi ya kai tsegumi wurin 'yan sanda.

A Yunin 2009 'yan ƙabilar Roma sama da 100 daga Romaniya suka gudu daga gidajensu a kudancin Belfast, suka kwana a coci, da yawansu suka koma ƙasarsu. A Agustan 2024 aka ƙona shagunan baƙi, har da na Musulmi, a Belfast. A Yunin 2025 tarzoma ta ɓarke a Ballymena bayan an zargi wasu samari baƙi da cin zarafin wata yarinya. Abin tausayi, iyalai suka riƙa manna tutar Birtaniya a ƙofa, wasu suka rubuta cewa 'yan Filifin ne a ciki, don a tsallake su.

Kenan 'yan Furotesta ne masu wariya?

Wannan hukunci ya yi gaggawa. Hare-haren sun fi yawa a unguwanninsu, gaskiya ne, amma ana samu a ɗaya ɓangaren ma, kuma coci-cocin Furotesta na cikin masu ba wa korarru mafaka. Matafiyan Ireland da ake kira Travellers sun daɗe suna shan ƙyama daga ɓangarorin biyu.

Doka fa?

Ta zo a makare. Birtaniya ta yi dokar hana wariyar launin fata a 1965, Ireland ta Arewa sai 1997. An gina tsarin ne don auna ɓangare biyu: duk ma'aikatar da ke da ma'aikata 11 zuwa sama dole ta tambayi mutum ko daga Furotesta yake, ko Katolika, ko ba ko ɗaya. Akwai tsohon barkwanci a can: ka ce kai Musulmi ne, a ce "to, Musulmin Katolika ko na Furotesta?"

Me sabon zuwa zai yi?

Ya je ya ga unguwa da ido kafin ya biya kuɗin haya, da rana da kuma da dare, ya tambayi waɗanda suka riga shi. Ya guji rigar ƙwallon Celtic, da ake alaƙantawa da 'yan Katolika, ko ta Rangers, da ake alaƙantawa da 'yan Furotesta, sai ya san inda yake. In an taɓa shi, ya ɗauki hoton ɓarnar kafin a goge, ya kira 'yan sanda a 101, ko 999 in rai na cikin haɗari, ya faɗa a fili cewa yana ganin don launinsa ko addininsa aka yi, ya kuma karɓi lambar ƙarar, domin hukumar gidaje za ta iya neman ta in ya buƙaci a sauya masa wuri.