Hukuncin gasar tsofaffin motocin Corvette: ƙyalli ba ya kawo maki, lambar yabo kuma ba shaidar asali ba ce

Magana biyu ke yawo tsakanin masu sha'awar tsofaffin motocin Amurka, kuma dukkansu akwai gyara a cikinsu. Wasu na cewa da zarar an canza wa mota ko noti ɗaya, shi ke nan alƙalai sun kore ta daga gasa. Wasu kuma sun ɗauka duk Corvette da ta ci lambar yabo ta Top Flight a gasar ƙungiyar NCRS, to injinta na asali ne, a biya kuɗi ido rufe.

Ƙungiyar NCRS (National Corvette Restorers Society), wadda masu gyara tsofaffin Corvette suka kafa a Amurka a 1974, ita ke da wannan tsari. Mota na shiga fili da maki 4,500, alƙalai su bi ta gida-gida suna ragewa: waje, ciki, inji, ƙarƙashi, da yadda komai ke aiki. Wadda ta tsira da kashi 94 cikin ɗari ta sami Top Flight, mai 85 ta sami mataki na biyu, mai 75 na uku. Ba da juna motocin ke takara ba, don haka goma na iya cin lamba ɗaya a rana guda.

Abin da ake aunawa shi ne ko motar ta yi kama da yadda take ranar da aka miƙa wa mai sayenta na farko. Saboda haka kayan gyara ba haramun ba ne. Ana duba fasalin abin, da kwanan watan da aka buga a jikinsa, da cikarsa, da yadda aka ɗaura shi, da irin launinsa, sai a cire maki daidai inda ya saɓa.

A nan ne masu kuɗi ke shan mamaki. Masana'antar St. Louis, inda aka harhaɗa Corvette daga 1954 zuwa 1981, ba ta yi aikin a-zo-a-gani ba. Bodin faiba ne, ba ya rasa 'yan tudu da kwari. A masana'antar inji kuwa, ma'aikaci kan fesa fenti ruwan lemo ya fantsama kan bututun hayaƙin da ke manne da injin, ya bar shi haka. Wanda ya kai motarsa aka goge ta sumul, aka yi mata fentin zamani mai ɗaukar ido, maki zai rasa. Har akwai kanikawan da sana'arsu ke nan, kwaikwayon gaggawar ma'aikacin 1965.

Sashen da ya fi rikita mutane shi ne na gangar inji, wato babban ƙarfen da ya zama jikin injin, mai maki 613. Lambar da aka zuba da ƙarfen tana da 350, kwanan watan zubin 175, sauran 88 na ɗan faifan gaban inji ne inda ake buga lambobi da kuma zanen da injin gogewa ya bari a kansa. A lura, wanda ke neman Top Flight maki 270 kawai zai iya rasawa. Idan lambar zubi ta saɓa, duka 613 sun tafi, zance ya ƙare. Idan kwanan wata ne bai dace ba, 263 za su tafi, saura bakwai tak ya yi wasa da su. Amma idan faifan ne kaɗai ke da matsala, 88 ne, kuma motar na iya cin lambarta lafiya lau da gangar da ba da ita ta fito ba.

Ke nan takardar Top Flight ba ta rantse wa kowa cewa injin na asali ne ba. Ta ce dai a ranar da aka duba, motar ta yi kama da sabuwa fil. Dillalan gwanjo sun san da haka sarai, ba kuma kowannensu ke faɗa wa mai saye ba.

Ni a ganina tsarin ya yi adalci ga mai ƙaramin ƙarfi da injinsa ya fashe shekaru arba'in da suka wuce ya nemo irinsa. Inda yake da rauni shi ne gwanin da ya iya sake buga lamba har ta wuce idon alƙali yana fita da cikakken maki, mai gaskiyar da ya bar faifansa babu rubutu kuma a rage masa.