Tambayoyi da amsoshi kan kayan aikin mai kula da sabar Linux

Da me mai kula da sabar Linux yake aiki a kullum?

Mafi yawan aikinsa yana gudana ne a allon rubuta umarni, domin saba, wato kwamfutar da ke yi wa wasu kwamfutoci hidima ta hanyar sadarwa, idan tana ajiye a cibiyar bayanai galibi ba a jona mata allo ko linzami. Manhajar da ke karɓar umarnin ana kiranta shel, kuma wadda ta fi yaɗuwa ita ce Bash, wadda shirin GNU ya fitar a 1989. Umarnin kansu ƙanana ne: ls yana nuna fayiloli, grep yana zaƙulo kalma daga cikin rubutu, df yana bayyana sararin da ya rage a faifai. Wannan tsari gado ne daga Unix, wadda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara ginawa a Bell Labs a 1969, inda aka so kowace ƙaramar manhaja ta iya aiki guda da kyau, sannan a riƙa miƙa sakamakon wannan ga waccan har a kai ga abin da ake nema.

Tunda nau'o'in Linux suna da yawa, ta yaya wanda ya saba da Debian zai iya kula da Red Hat?

Amsar tana cikin ƙa'idojin da aka yi ittifaƙi a kansu, kuma a ganina su ya kamata mai koyo ya fara riƙewa kafin ya shiga haddace umarni. Abin da Linus Torvalds ya fitar a 1991 da sunan Linux zuciyar tsarin ce kawai, wato ɓangaren da ke sarrafa kayan na'urar kai tsaye. Debian da Ubuntu da Fedora kowannensu ya ɗauki wannan zuciya ya kewaye ta da manhajojin da ya zaɓa. Abu na farko da ya hana su rarrabuwa gaba ɗaya shi ne POSIX, ƙa'idar da cibiyar IEEE ta fara fitarwa a 1988, wadda ta fayyace yadda manhaja za ta nemi aiki daga tsarin, daga baya kuma ta haɗa da halayyar shel da muhimman umarni. Saboda ita ne jerin umarnin da aka rubuta da kula yake iya aiki a Linux da FreeBSD da macOS ba tare da gyara mai yawa ba.

Na biyu ita ce ƙa'idar tsara foldodi da ake kira FHS, wadda bugunta na 3.0 ya fito a 2015. Ita ta tanadi cewa fayilolin saiti suna zama a /etc, bayanan abin da ya faru a /var/log, kayan masu amfani kuma a /home. Idan aka miƙa wa ƙwararre sabar da bai taɓa gani ba, ya san inda zai fara dubawa tun kafin ya tambayi wane nau'in Linux ne a kanta.

Yaya ake sanya manhaja a kan saba?

Ba a yawo a intanet ana sauko da fayil daga ko'ina. Kowane nau'i yana da rumbunsa na manhajoji da aka ɗaure a ƙunshi aka sa musu hannu na lantarki, sai manhajar kula da ƙunshi ta sauko da abin da aka nema tare da duk abin da ya dogara da shi, ta kuma tabbatar da sa hannun. Debian da Ubuntu suna amfani da apt, Fedora da Red Hat kuma dnf. Babbar fa'idar ita ce umarni guda yana sabunta duk abin da ke kan na'urar, abin da ke da muhimmanci ranar da aka gano ɓaraka ta tsaro.

Me ya sa ake yawan ambaton SSH?

Domin ita ce hanyar da ake shiga saba daga nesa. Kafin ita ana amfani da telnet, wadda take aika kalmar sirri a fili ta yadda duk mai saurare a kan layin zai karanta. Bayan an saci kalmomin sirri ta wannan hanya a jami'ar fasaha ta Helsinki, Tatu Ylönen ya rubuta SSH a 1995, aka ba ta ƙofa mai lamba 22, wato lambar da ake bi ta kanta a isa ga wannan hidima a kan saba. Wadda kusan kowa yake amfani da ita yau ita ce OpenSSH, wadda masu gina OpenBSD suka fitar a 1999. Masu aikin sun fi son shiga da mabuɗi maimakon kalmar sirri: ana ƙirƙirar mabuɗai biyu, a ajiye na fili a kan sabar, na sirri ya zauna a kwamfutar mai shi, sannan a rufe shiga da kalmar sirri ɗungurungum, domin duk sabar da ke fuskantar intanet tana shan gwajin kalmomin sirri daga manhajojin ɓarayi dare da rana.

Matsayin SSH ne ya sa lamarin xz na watan Maris na 2024 ya tayar da hankali. Wani da ya shafe shekaru yana taimakawa a aikin wannan ƙaramar manhajar matse fayiloli har aka amince da shi ya dasa ɓoyayyiyar ƙofa a bugu na 5.6.0 da 5.6.1, da nufin a iya kutsawa ta SSH. Injiniya Andres Freund ne ya gano ta bayan ya lura cewa shiga yana jinkiri da kusan rabin daƙiƙa, kuma an yi sa'a ba ta riga ta shiga tabbatattun bugu na manyan nau'o'in Linux ba.

Mene ne systemd, kuma me ya jawo gardama a kanta?

Ita ce manhajar farko da ke tashi bayan zuciyar tsarin, kuma ita ke tayar da sauran hidimomi, ta sa musu ido, ta sake tayar da wadda ta faɗi idan an saita ta haka. Lennart Poettering da Kay Sievers suka fitar da ita a 2010, Fedora ta karɓe ta a 2011, Debian kuma a bugu na 8 a 2015. Da systemctl ake tayar da hidima ko a tsayar da ita, da journalctl ake karanta abin da ta rubuta. Masu adawa sun ce ta tattara ayyuka da yawa a hannu guda, saɓanin tarbiyyar Unix, har wasu suka ɓalle suka kafa Devuan. Hujjarsu tana da tushe, amma mai neman aiki a yau ba shi da zaɓi illa ya iya ta, tunda manyan nau'o'in duk sun koma kanta.

Waɗanne hidimomi aka fi samu a kan saba?

Shafukan intanet suna fitowa ta Apache ko Nginx a ƙofa ta 80 da ta 443. Fassara sunan shafi zuwa adireshi aikin DNS ne a ƙofa ta 53, kuma BIND na cikin tsofaffin manhajojinsa. Postfix tana aika imel, chrony tana daidaita agogo. Agogon nan ana raina shi, alhali idan ya kauce takardun shaidar tsaro suna iya daina karɓuwa, bayanan sabobi daban-daban kuma su ƙi jituwa a lokacin bincike.

Me ya sa ake hana aiki da asusun root kai tsaye?

Domin root, asusun da ke da cikakken iko a kan tsarin, ba ya tambayar kowa izini, kuma kuskuren harafi guda a umarnin gogewa yana iya share tsarin. Da sudo ake ɗaukar wannan iko na umarni guda kawai, kuma ana rubuta wanda ya yi da lokacin da ya yi.

Idan sabobin sun kai hamsin ko ɗari fa?

A nan shiga ɗaya bayan ɗaya ya daina yiwuwa. Ansible, wadda Michael DeHaan ya fitar a 2012, tana karanta fayil da aka rubuta da tsarin YAML mai bayyana yadda ake son kowace saba ta kasance, sannan ta shiga ta SSH ta aiwatar, ba tare da an sanya wata manhaja ta musamman a kan kowace ba. Fayilolin nan ana ajiye su a Git, manhajar da ke riƙe tarihin canje-canjen fayiloli, domin a san wanda ya canza me. Ayyukan da ake maimaitawa a kan lokaci, kamar kwafin ajiya na tsakar dare, ana ɗora su a kan cron, rsync kuma ta aika abin da ya canza kaɗai zuwa wata na'ura da ke wani wuri dabam. Ya kamata lokaci zuwa lokaci a gwada dawo da bayanai daga wannan kwafi a kan sabar gwaji, domin cron za ta ci gaba da gudanar da aikin kowane dare ko da faifan ajiyar ya cika tun watan jiya.