Bitamin D: abin da bincike ya tabbatar da wanda ya ƙi tabbata

Bitamin D sinadari ne da jiki yake buƙata don hanji ya iya tsotsar kalsiyam da fosfet daga abinci su je su gina ƙashi. Sunan bitamin ɗin ma kamar na aro ne, tunda yawancin sauran sai an ci ake samu, shi kuwa fatar mutum ce take haɗa shi da kanta in rana ta taɓa ta, kuma aikinsa a jiki ya fi kama da na homon, wato sinadaran da jiki yake haɗawa da kansa su kai saƙo ga gaɓoɓi. Kala biyu ne, akwai D2 da ake samu daga yis da lemar kwaɗi, akwai D3 wanda fata take yi kuma shi ne a cikin kifi mai maiƙo da gwaiduwar ƙwai. Yana narkewa ne a mai ba a ruwa ba, shi yasa jiki yake ajiye shi a kitse, ba ya bin fitsari ya fita kamar bitamin C.

Yadda jiki yake haɗa shi

A cikin hasken rana akwai wani ɓangare da ido ba ya gani, ana ce masa UVB. In ya sauka a fata sai ya juya wani dangin kolestarol da yake wurin ya zama D3, amma a haka bai fara aiki ba tukuna, sai ya biya ta hanta ta sarrafa shi, wannan na hantar shi ake aunawa in an ɗebi jini a lab, daga nan ya wuce ƙoda ta ƙarasa shi ya zama kalsitriyol, wanda shi ne ainihin mai aikin. Don haka mai ciwon ƙoda da ya yi nisa zai iya kwana a rana ƙashinsa yana lalacewa.

Mu a Kano tambayar da kowa zai yi ita ce, garin da rana take narka kwalta a watan Afrilu ina zancen ƙarancin abin da rana take bayarwa? Kano tana kusan digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, UVB ba ya yanke mana duk shekara, saɓanin Landan da daga Oktoba zuwa Maris ranarsu kusan ba ta yi wa fata komai. Amma rana tana sama daban, ta taɓa fata daban. Ɗauki ɗan kasuwa a Kantin Kwari, ya fito gida cikin mota an ɗaga gilas, ya shige shago a cikin bene ƙarfe tara, abincin rana ma yaro ake aikawa ya kawo, masallaci yana nan cikin filazar, sai bayan la'asar sakaliya yake fitowa, doguwar riga da hula, fuska da tafin hannu kawai a waje. Gilas yana tare UVB, saboda haka ranar da take shigowa ta tagar mota ko ta ofis zafi kawai take bayarwa. Haka matar da ta tare a fulat ko gidan da aka rufe tsakar gidansa da kwano, alhali kakarta a tsakar gida take daka da wanki da shanya. Baƙar fata ma tana tace hasken, sai ta daɗe a rana fiye da farar fata kafin ta haɗa daidai abin da waccan ta haɗa, tsufa yana rage ƙarfin fata, ƙiba tana ɓoye shi a kitse, hazo da ƙurar hunturu su ma suna rage abin da yake saukowa. Wani nazari da ya tattara binciken Afirka da yawa ya fito a 2020 ya nuna kusan mutum ɗaya cikin uku a nahiyar yana ƙasa da ma'aunin da ake so, kuma abin ya fi yawa a birane da mata da jarirai.

Tarihi

Ta hanyar ciwon lanƙwashewar ƙashin yara aka gano shi, wanda likitoci suke kira rikets. Francis Glisson ya yi cikakken bayanin ciwon a Ingila tun 1650, da masana'antu suka cika biranen Turai da hayaƙi kuwa sai ya zama ruwan dare a unguwannin talakawa. A 1822 wani likita ɗan Folan mai suna Sniadecki ya lura yaran birnin Warso sun fi na ƙauye kamuwa, ya ce rashin rana ne, ba a kula shi ba. Sai 1919 abubuwa biyu suka haɗu, Edward Mellanby a Ingila ya warkar da karnuka masu ciwon da man hantar kifi, Kurt Huldschinsky a Jamus kuma ya warkar da yara da fitila mai hasken ultrabayolet, wato dangin hasken nan na UVB. Elmer McCollum a Amurka ne ya nuna a 1922 cewa abin da yake maganin ba bitamin A ba ne, don ya lalata A ɗin da yake cikin man amma maganin bai daina aiki ba, kuma da yake an riga an yi A da B da C sai aka ce masa D. Adolf Windaus na Jamus ya ci Nobel a 1928 kan aikinsa a dangin waɗannan sinadarai, a shekarun 1930 Amurka ta fara zuba shi a madara, ciwon ya kusa ɓacewa a can.

Binciken Jos

Nan ne labarin ya shafe mu kai tsaye. Yaro mai rikets ba ya ɓuya, ƙafa ta yi baka ko ta yi gwame sosai, wuyan hannu ya yi kauri kamar an sa masa awarwaro a ƙarƙashin fata, in ka shafa ƙirjinsa ka ji ƙulli-ƙulli a jere a kan haƙarƙari kamar carbi, madiga ta ƙi rufewa da wuri, ya yi jinkirin tafiya, in ya fara kuma ya riƙa kukan ƙafa yana neman a goya shi. A gida sai a ce an zaunar da shi da wuri ne, ko gado ne, ko nauyi ya yi masa yawa. A sani dai ɗan bakan ƙafa kafin shekara biyu da ɗan gwame wajen shekara uku zuwa huɗu yawanci na girma ne kuma yana miƙewa da kansa, wanda yake ƙaruwa ko yake tare da ciwo shi ne na asibiti.

Littattafan Turai sun ce rashin rana ne yake kawo shi, to amma ga yara a Jos suna wasa a rana tun safe har magariba kuma ƙafa a lanƙwashe. Tom Thacher da abokan aikinsa a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos suka ɗauki yara 123 masu ciwon suka raba su uku, wasu aka ba su bitamin D kaɗai, wasu kalsiyam kaɗai, wasu aka haɗa musu duka, aka bi su sati 24, sakamakon ya fito a 1999. Cikin masu kalsiyam kashi 61 cikin ɗari sun kai matakin warkewar da aka sa a gaba, masu haɗin kashi 58, masu bitamin D zalla kuwa kashi 19 kacal. Da aka lissafa abin da yaran suke ci sai aka ga kalsiyam ɗinsu a rana wajen miligiram 200 ne, ko kofi ɗaya na madara ya fi haka, yana kaiwa kusan 300. Abincin nasu masara ne safe da dare, ga shi hatsi yana da wani sinadari mai suna fayitet da yake ƙanƙame ɗan kalsiyam ɗin da yake akwai ya hana hanji ɗauka. Wato motar, bitamin D kenan, tana nan, kayan da za ta ɗauka ne babu.

Duk wanda ya san yadda ake yaye a gidajenmu ya san zancen bai tsaya a Jos ba, daga nono a koma koko da tuwo da taliya, madarar gwangwani ta yi tsada sai dai a ɗiga a shayi don ya canja kala. Abin takaicin kuma mu ne masu kindirmo da nono da kuka da zogale da riɗi da ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu, duk suna da kalsiyam. Matsayar da masana na duniya suka fitar a 2016 ta ce yaron da ya wuce shekara ɗaya in yana samun kalsiyam ƙasa da miligiram 300 a rana yana cikin haɗari, kuma in za a yi maganin rikets a haɗa biyun, bitamin D da kalsiyam. Shi jariri zancensa daban ne, nonon uwa duk albarkarsa bitamin D ɗinsa kaɗan ne, shi yasa matsayar ta ce a ba kowane jariri IU 400 (IU ma'aunin bitamin ɗin ne) a rana a shekarar farko.

Awo da rigimar lamba

IU shi ne ma'aunin da ake rubutawa a jikin kwalba, IU 40 daidai yake da maikrogiram 1. Cibiyar likitanci ta Amurka a rahotonta na 2011 ta ce IU 600 a rana ya ishi mutum daga shekara 1 zuwa 70, wanda ya haura 70 kuma 800, babba kada ya wuce 4,000. A jini kuma ta ce nanogiram 20 a kowace mililita ya wadatar da kusan kowa, ƙasa da 12 ne ƙarancin gaske. A shekarar dai ƙungiyar likitocin homon ta Amurka ta ce a'a sai 30, kuma wannan 30 ɗin ce ta bazu a takardun lab, mutum yana da 24 lafiyarsa kalau a ja masa layi a ce bai kai ba. A 2024 ƙungiyar da kanta ta janye daga lambar, ta kuma ce lafiyayyen mutum ba ya buƙatar yin gwajin haka kawai. Wani abin da ya ƙara dagula lissafin, baƙaƙen Amurka lambarsu ta fi ta farare ƙasa amma ƙashinsu ya fi ƙwari kuma sun fi ƙarancin karaya.

Manyan gwaje-gwaje

Daga wajen shekarar 2000 bitamin D ya zama ɗan gata, don an gano kusan kowace gaɓa a jiki tana da wurin karɓarsa, kuma duk ciwon da aka duba sai a ga masu shi lambarsu ƙasa take, kansa, ciwon zuciya, suga, hawan jini, tarin fuka, damuwa, har mantuwar tsufa. Sai aka ce to ai shikenan a ba kowa ƙwaya. Matsalar ita ce mara lafiya ba ya fita rana, mai ƙiba ga suga ga ƙarancin D tun asali, kumburin ciwo ma da kansa yana sauke lambar, to wa ya jawo wa? Hanya ɗaya ce ta rabe gaskiya, a tara mutane a jefa ƙuri'a, rabi su sha na gaske rabi su sha ƙwayar bogi, ba wanda ya san nasa, a jira shekaru.

An yi, kuma an kashe kuɗi. Wani gwaji mai suna VITAL a Amurka ƙarƙashin wata likita JoAnn Manson ya ɗauki mutum 25,871 ana ba su IU 2,000 kullum sama da shekara biyar, sakamakon ƙarshen 2018 ya ce bai rage kamuwa da kansa ba, bai rage bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki ba, a 2022 aka ƙara da cewa ko karaya bai rage ba. Wani gwajin mai suna D2d ya gwada IU 4,000 a mutum 2,423 da suke dab da kamuwa da suga, an ga ɗan ragi amma bai kai wanda za a rantse a kansa ba. Gwajin D-Health a Ostareliya da mutum sama da 21,000 bai rage mutuwa ba. A Mongoliya an ba 'yan makaranta 8,851 ko dai IU 14,000 duk sati ko ƙwayar bogi har shekara uku, yawancinsu ma suna da ƙarancin, amma kamuwa da ƙwayar tarin fuka bai ragu ba, wannan kam ya ba mutane haushi don an sa rai sosai. Lokacin korona an ga yadda saƙonni suka cika WhatsApp, kemis suka yi ciniki, amma gwajin Birazil da aka ba marasa lafiya IU 200,000 lokaci ɗaya bai rage musu kwanan asibiti ba, na Birtaniya mai mutum 6,200 shi ma bai hana kamuwa ba.

Ba wai babu komai ba. A Faransa a 1992 an ba tsofaffin mata 3,270 da suke gidajen kula da tsofaffi kalsiyam da IU 800 ko na bogi, karayar ƙugu ta ragu sosai, amma lura, tsofaffi ne da ba sa fita kuma da kalsiyam aka haɗa. A VITAL an ga ragin kusan kashi 22 na cututtukan da garkuwar jiki take juyowa ta yaƙi mai ita, wani nazari na 2017 kuma ya ga ɗan sauƙin mura da ciwon ƙirji musamman ga masu ƙarancin gaske da suke sha kullum. Masu kare bitamin ɗin suna cewa yawancin waɗanda aka sa a manyan gwaje-gwajen dama ba su da ƙaranci, tulun da ya cika ko ka ƙara masa ruwa zuba zai yi, kuma wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, sai dai ita ce kuma take rushe tallan a ba kowa.

Inda ake samu da illar wuce gona da iri

A abinci ba shi da yawa, kifi titus da sadin ne a gaba, sai gwaiduwar ƙwai da hanta kaɗan-kaɗan, da man hantar kifin nan da iyaye suke ɗura wa yara suna yamutsa fuska, da wasu madarar gari da aka ƙara musu. Waɗanda ya kamata likita ya duba su ne masu ciki da masu shayarwa da ba sa fita, tsofaffin da suke kwance a ɗaka, masu ciwon ƙoda ko hanta ko na hanji, da masu shan wasu magungunan farfaɗiya irin su fenitoyin da fenobabiton ko rifamfisin na tarin fuka, don suna sa hanta ta ƙone shi da sauri. A babba ƙarancin yana zuwa da laushin ƙashi, ciwon ƙugu da baya, tashi daga tabarma ya zama sai an dafa bango, sau da yawa a yi ta shan maganin sanyi a banza.

Rana ba ta sa bitamin D ya yi yawa a jiki don fata tana da birki, ƙwaya ce take sawa. Akwai mai IU 50,000 da likita yake rubutawa a sha sau ɗaya a sati na ɗan lokaci, in mutum ya saya da kansa ya mayar da ita ta kullum wata da watanni sai kalsiyam ya taru a jini, ga tashin zuciya da amai, ƙishirwa da yawan fitsari, cushewar ciki, rikicewar tunani, tsakuwar ƙoda, wani har ƙodar ta taɓu. A Ostareliya an taɓa gwada ba tsofaffin mata IU 500,000 sau ɗaya a shekara don a huta da shan kullum, mata 2,256 ne a gwajin, da sakamakon ya fito a 2010 waɗanda suka sha na gasken sun fi masu ƙwayar bogi faɗuwa da karaya.