Waiwaye: yadda jirgin ƙasa na bakin teku ya zama abin zuwa kallo

Duk wanda ya ga hoton jirgin ƙasa yana bin gaɓar teku, ruwa ta wannan gefe, dutse ta wancan, zai ɗauka don kashe kwarkwatar ido aka shimfiɗa dogon a wurin. Tilas ce ta kai shi. Jirgin ƙasa ba ya son hawa: ƙafar ƙarfe a kan ƙarfe santsi gare ta, kuma tudun da mota za ta haye ko a jikinta sai ya tsayar da jirgi mai jan taragai. Injiniyoyin ƙarni na 19 shimfiɗaɗɗiyar ƙasa suke nema, a ƙasashe masu duwatsu kuwa sau da yawa babu ita sai a ɗan siririn filin da ke tsakanin dutse da ruwa. Ga tashoshin jiragen ruwa duk a can suke, ga masunta da ke son kifinsu ya isa kasuwa kafin ya lalace.

Shi ya sa a wasu ƙasashe layin farko ma na bakin teku ne. A tsibirin Ireland an buɗe na Dublin zuwa Kingstown a 1834, a Sifen kuma na Basalona zuwa Mataró a 1848. A kudu maso yammacin Ingila, injiniya Isambard Kingdom Brunel ya gwammace ya gina katanga a cikin bakin ruwa ya ɗora dogo a kanta, da ya huda tsaunukan da ke bayan garin Dawlish. An buɗe wannan sashe daga Exeter zuwa Teignmouth a 1846, kuma tun daga lokacin teku ba ta bar shi ya huta ba.

Da dogo ya isa bakin ruwa, sai mutanen birni suka biyo shi. Landan ta haɗu da Brighton, garin da ke bakin teku, a 1841, shekarar da Thomas Cook ya kwashi mutum kusan 500 a jirgi guda daga Leicester zuwa Loughborough kan sule ɗaya, aka fara sana'ar shirya wa jama'a tafiyar shaƙatawa. Dokar ranakun hutu ta 1871 ta ƙara wa abin ƙarfi, ma'aikatan masaƙu suka riƙa cika taragai zuwa garuruwan bakin teku irin su Blackpool. Sai dai waɗannan zuwa teku suke yi, jirgin kuwa abin hawa ne kawai. Zama a bakin taga don kallon hanya ita kanta, wannan daga baya ya zo.

Inda labarin ya fi daɗin bibiya shi ne arewa maso yammacin Italiya, a ƙauyuka biyar da ake kira Cinque Terre: Monterosso, Vernazza, Corniglia, Manarola da Riomaggiore. Ƙauyuka ne da ke maƙale a jikin dutse, mutanensu suna noman inabi da zaitun a kan matakalan gona da kakanninsu suka gina da duwatsu. Kafin dogo, hanyar fita biyu ce, kwale-kwale ko turbar alfadari. A 1874 aka kammala sashen Sestri Levante zuwa La Spezia, mai tsawon kilomita 44, wanda fiye da rabinsa a cikin rami yake, ramuka 51 da aka haƙa a cikin dutse. Da yake babu titi, ta ruwa aka riƙa kawo yawancin kayan aikin. Titin mota bai isa waɗannan ƙauyuka ba sai bayan kusan ƙarni guda, saboda haka duk tsawon wannan lokaci jirgi ne ke kai mazajensu aiki a sansanin sojan ruwa na La Spezia, shi ke kai 'ya'yansu makaranta, shi ke kai mara lafiya asibiti.

Wanda ya shiga jirgin nan da niyyar ya ƙoshi da kallo zai sha mamaki. Ana cikin duhu, ƙarar ƙafafu tana cika kunne, kwatsam sai haske ya faɗo, ga shuɗin ruwa a ƙasa, ga gidaje ja da rawaya a saman dutse, kafin ka gyara zama an sake shiga rami. A Vernazza da Riomaggiore wurin ya yi ƙunci har wani ɓangaren dandamalin tasha a cikin ramin yake, fasinjan da ke taragon ƙarshe cikin duhu yake sauka ya tako zuwa haske. A Corniglia kuma tashar na ƙasa, ƙauyen na sama, tsakaninsu matakala kusan 380. Waɗanda suka gina layin ba su yi tunanin mai kallo ba ko kaɗan, kuma ina ganin wannan ne ma ya sa ɗan abin da ake gani yake kama zuciya.

Bayan yaƙin duniya na biyu mota ta yi yawa, ƙananan layuka suka fara cin kuɗi ba su mayarwa. Na bakin teku sun fi shan wuya, domin rabin kewayen kowace tasha ruwa ne, ba mai fitowa daga can ya sayi tikiti. A Birtaniya rahoton da Richard Beeching, shugaban hukumar jiragen ƙasa, ya fitar a 1963 ya ba da shawarar rufe tashoshi 2,363 da dogo mai tsawon mil 5,000. Layin Scarborough zuwa Whitby, ɗaya daga cikin mafi kyau a gaɓar gabashin Ingila, ya tafi a 1965, yanzu masu keke da masu tafiyar ƙafa ne ke binsa. Na gaɓar Cambria a yankin Wales ya sha da ƙyar. A 1980 aka gano tsutsar teku ta cinye cikin ginshiƙan katako na gadar Barmouth, wadda ke tsaye tun 1867, aka rufe ta, mutane da yawa suka ɗauka ƙarshen layin ke nan. An gyara, kuma har yau akwai ƙananan tashoshi a kansa da jirgi ba ya tsayawa sai mai jira ya miƙa hannu, ko wanda ke ciki ya gaya wa kwandasta tun da wuri.

Japan ce ta fi kowa gane cewa a tagar nan akwai abin sayarwa. Layin Gono, mai kilomita 147 a gaɓar arewa maso yamma tsakanin lardunan Akita da Aomori, an kammala shi a 1936, kuma ƙauyukansa sun riƙa raguwa da mutane. A 1997 aka sa masa jirgi na musamman, Resort Shirakami, mai manyan tagogi, wanda direbansa ke rage gudu da gangan a wuraren da duwatsu suka kutsa cikin ruwa, a wasu tafiye-tafiyen ma makaɗa na shiga su kaɗa shamisen, garayar nan tasu mai tsirkiya uku. Jinkirin da a da ake kuka da shi, shi aka mayar haja. A Italiya kuma Cinque Terre ta shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 1997, ta zama yankin da gwamnati ke karewa a 1999, sannan a 2016 aka ƙaddamar da Cinque Terre Express, jiragen da ke kai da kawowa tsakanin La Spezia da Levanto sau da yawa a cikin awa guda.

Baƙi sun ceci layuka da dama, ba mai musun wannan. Amma tsugune ba ta ƙare ba. Mazauna ƙauyukan biyar ba su wuce 4,000 ba, masu ziyartarsu kuwa miliyoyi ne a shekara, yawancinsu ta waɗannan ƙananan tashoshi suke ɓullowa. Idan manyan jiragen ruwa na yawon shaƙatawa suka sauke fasinja a La Spezia, dandamali kan cika maƙil, tsohuwar da za ta ganin likita sai ta tsaya ta ga jirgi ya wuce don ba ta iya turereniya. Daga 2024 an mayar da kuɗin tikitin baƙo gwargwadon cunkoso, a ranakun da suka fi cika yakan kai Yuro 10, mazauna kuwa suna da nasu rangwamen. A nawa ra'ayin wannan daidai ne, har ma bai isa ba. Mai gida shi ya riƙe jirgin nan shekara ɗari kafin kowa ya san sunan ƙauyensa, kuma shi ke hawa a watan Janairu lokacin da babu mai ɗaukar hoto. Idan aka tsara lokutan jirgi don baƙo kaɗai, aka manta jirgin asuba na ma'aikaci da na dare na ɗalibi, matasa za su tashi, a bar wa mai kallo gidajen haya.

Ita kuwa teku ba ta taɓa yin sulhu da dogo ba. A ranar 26 ga Disamba 2004, igiyar tsunami ta cim ma jirgin da ya tashi daga Colombo a kan layin gaɓar Sri Lanka, wanda ya isa Matara tun 1895. A ƙauyen Peraliya abin ya faru, fiye da mutum 1,000 suka rasu, wasunsu mutanen ƙauye ne da suka ruga wurin jirgin neman mafaka. Ba a taɓa yin haɗarin jirgin ƙasa da ya ci rai haka ba. A ranar 11 ga Maris 2011 irin wannan ya faɗa wa layin Sanriku a Japan, ruwa ya kwashe gadoji da tashoshi. Abin da kamfanin layin ya yi ya cancanci a tuna: kwana biyar bayan bala'in ya ta da jirgi a ɗan sashen da ya tsira, kyauta, don mutane su je neman 'yan'uwansu da abinci. An kammala gyaran layin a Afrilun 2014, kuma da gudummawar ƙasar Kuwait aka sayi sababbin taragai. Layuka biyu maƙwabtansa, Kesennuma da Ofunato, ba su yi wannan sa'ar ba, an mayar da sassansu na bakin teku hanyar bas. A Oktoban 2011 ɗin ma ambaliya ta binne titunan Vernazza da Monterosso da laka.

A Dawlish, guguwar Fabrairun 2014 ta rushe katangar Brunel, aka wayi gari dogo na lilo a iska, babu komai a ƙarƙashinsa. Wata biyu birnin Plymouth da duk yankin Cornwall ba su da jirgi zuwa sauran ƙasar. An buɗe layin a farkon Afrilu, daga baya aka kashe kimanin fam miliyan 80 aka gina sabuwar katanga mafi tsayi, wadda aka gama a 2023.

Akwai masu cewa a janye dogo daga bakin ruwa gaba ɗaya, kuma Italiya ta gwada haka a yammacin Liguria, inda a 2001 da 2016 aka mayar da wasu sassa cikin dogayen ramuka. Jirgi ya ƙara sauri, tsohuwar hanyar da ta ratsa Sanremo ta zama turbar keke, amma wasu garuruwa sun rasa tasharsu, wasu kuma sabuwar ta yi musu nisa da tsakiyar gari. A Ingila ana ta maganar farfaɗo da tsohon layin da ke bi ta cikin ƙasa, ta Okehampton, don ya zama madogara ranar da teku ta sake rufe Dawlish. An dawo da jirgin fasinja na kullum zuwa Okehampton a Nuwamban 2021, amma daga can zuwa Bere Alston, sashen da aka rufe a 1968, har yanzu ba a sake haɗa shi ba.